Gawa Babu Takalmi a Hanyar Jirgi

Leburorin reluwe ne suka tono shi, ranar wata Talata cikin watan Mayu na shekarar 1884. Suna yanke gaɓar rafin da ya raba gonata da ta Hynek Tomek don sabon reshen layin dogo ya wuce, sai bakin garmarsu ya kamo ƙafar mutum. Ƙafa ce da safa, babu takalmi.

Ina shukar masara aka aiko kirana. Na tafi da buhun iri a kafaɗa, na tsaya a kan gaɓa ina kallon abin da suka jawo. Ba shi da sauran fuska. Kansa a fashe yake ta gefen hagu. Rigar jikinsa saƙar gida ce, irin wadda kowane namiji cikinmu 'yan Bohemia ya sauko jirgin ruwa da ita. Wurin da aka same shi kuma tsohon ɗakina ne, kogon da na haƙa cikin gaɓa na zauna shekara uku, kafin jirgi ya fara kawo katako in gina gida can nesa kusa da hanyar tasha. Wani ya rufta rufin kogon a kansa.

Mutane sun zuba mini ido su ga ko zan faɗi ko zan yi kuka. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne na bar dokina a rana.

Rourke, shugaban leburorin, ya tofar da taba ya ce da ni, "Kolar, ashe da ka tashi ƙaura ka manta da baƙo a ɗaki."

Na gyara buhun a kafaɗata. Ban ji haushi ba ma.

*

Kafin yamma duk garin Corwin ya sa wa gawar suna: Alois, ƙanen matata.

Ban ga laifinsu sosai ba. Lokacin da muka zo Nebraska, masara muke ƙonawa a murhu don babu mai saye. Da jirgi ya iso Corwin, alkamarmu ta fara tafiya Chicago, sai filin da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin da 'yan'uwa ke fasa wa juna baki a kansa. Gwamnati ta ce duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar, nasa ne. Ni na cika nawa, na karɓi takarda. Da masu awon ƙasa suka kafa turakun sabon layi, Alois ya dame ni in sayar mu ƙara gaba yamma. Muka yi cacar baki a ƙofar kanti, a gaban kowa na ce gara in binne shi a filin da in sayar. Magana ce ta surukai. A watan Nuwamba ya haye taragon kaya babu tikiti ya tafi, ko wasiƙa bai aiko ba. Babu wanda ya ga tafiyarsa sai ni.

Dunning, ɗan dokan gunduma, ya kawo Johana matata ta duba rigar. Ta daɗe tana murza saƙar da yatsu.

"Ta ƙanenki ce, uwargida?"

"Ban sani ba," ta ce. Ba ta dube ni ba.

Daga ranar sai ta ajiye mini abinci a tebur ta fita wajen kaji.

Dunning mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya. Ya ja ni gefe ya ce, "Alƙali zai zo a jirgin Litinin. Amma ka san mutanen nan, tun ɗazu na ji ana tambayar igiya a kanti. Na aika a kira Pell. In ya samo maka wani abu kafin Asabar, to. In bai samo ba, ni kaɗai ne, bindigata kuma ɗaya."

Na ce na gode. Har yau ban san me na gode masa ba.

*

Orrin Pell tsohon maharbin ɓauna ne. Jirgi ya kawo masu harbi, ɓauna suka ƙare, jirgin ya dawo ya kwashe ƙasusuwansu, Pell ya rage da idonsa kawai. Da shi yake ci, yana bin sawun shanun da suka ɓata. Ramamme ne, ba ya kallon fuskar mutum in suna magana, ƙasa yake kallo.

"Kai ne za a rataye?" ya ce da ni ranar Laraba da safe.

"Haka suka ce, dattijo."

"To biyo ni. Ba na jin yarenku, kuma gara in riƙa ganinka."

An ajiye gawar a rumfar kayan tasha. Pell ya tsuguna ya daɗe a kan raunin kan. Ya auna shi da yatsu biyu. Sannan ya ɗaga wani ruɓaɓɓen ƙyalle daga wuyan mamacin.

"Mene ne wannan?"

"Ɗaurin haɓa ne. Haka muke yi wa mamaci don kada baki ya buɗe."

"Hannuwan nan ma a harɗe suke a ƙirji. Kai ka yi wa surukinka wannan gatan bayan ka fasa masa kai?"

"Ban fasa wa kowa kai ba."

"Ban tambaye ka wannan ba." Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "An gyara shi tsaf, amma an cire masa takalmi. Mai tausayi ne, kuma mai buƙata."

*

Muka fara da sansanin leburori, don Pell ya ji labarin wani cikinsu yana yawo da takalmin da ya fi ƙarfinsa. Rourke ya tarbe mu da ashar.

"Ni da mutanena a Afrilu muka sauka nan. Wancan naku ya sha hunturu a ƙasa, ko hancinka ya toshe ne, tsoho?"

"Hancina lafiya lau, tun daga gada nake jin warinka. Kira mini mai sabon takalmin."

Aka kira shi. Takalmin kanti ne, da tambarin garin Omaha a ciki, kuma mai kantin Corwin ya ce shi ya sayar masa. Wuni guda ya tafi a haka. A hanyar komawa wasu manoma biyu da na taya girbi bara suka wuce mu a amalanke, ɗaya ya ɗaga igiyar shanu ya nuna mini. Na ɗaga masa hannu, don hannun ya saba.

Ranar Alhamis Pell ya zauna da Johana a ƙofar gidana, ni ina fassara tambayoyin da ake yi a kaina.

"Ƙanenki da wane takalmi ya tafi?"

"Tsohon takalmi ne, ɗan ƙarami. Alois ƙafar mata gare shi, muna tsokanarsa da haka."

"Kin yarda mijinki zai iya kashe shi?"

Na fassara mata kalma bayan kalma. Ta yi shiru. Na juya na ce wa Pell, "Ta yi shiru."

"Na gani," ya ce.

*

Da hantsi muka gangara rafi. Leburori sun tattake gaɓar da ke ɓangarena, babu abin karantawa. Pell ya tsallaka ruwan ya bi ɗaya gaɓar, ta wajen Tomek, yana tafiya a duƙe. Can ƙarƙashin wata bishiya ya tsaya. Akwai sawun manyan takalma a laka, sabo a kan tsoho, duk suna fuskantar kogon.

"Wani yana zuwa nan ya tsaya, ba sau ɗaya ba. Na wane ne?"

"Na Hynek ne. Shi kaɗai ke da wannan ƙafar a rafin nan. Wurin shayar da alfadarinsa ne."

"Ina sawun alfadarin?"

Na duba. Babu.

"Wane irin mutum ne Hynek ɗin?"

Na gaya masa. Ƙato ne, ba ya magana, Turanci ko kalma goma bai iya ba. Jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu amma shi sai bayan shekara biyu ya sami filinsa, a Satumba mai zuwa zai cika shekara biyar. Ba ya zuwa gari, matarsa Ludmila ke zuwa. Tun hunturu ta ce ƙirji na damunsa, shi ya sa ko coci ba ya leƙawa in Fada, limaminmu, ya zo.

"Yaushe ka gan shi?"

"Kullum. Ga shi can ma."

Can ƙarshen gona, fiye da rabin mil, ga shi bayan garma da baƙar kwat ɗinsa da faffaɗar hularsa. Na ɗaga hannu, ya ɗaga. Haka muke gaisawa tun da aka fara huɗa.

Muka nufi gidansu. Kafin mu isa ya kwance alfadari ya zaga bayan garke. 'Yan matansu biyu ƙanana suna zaune a bakin ƙofa, suka gan mu suka shige. Bayan ɗan lokaci Ludmila ta fito tana ɗaura ɗankwali, zufa na bin wuyanta.

"Sannu, maƙwabciya. Baƙon nan yana son ganin Hynek."

"Ya kwanta. Ƙirjin ne. In ya yi huɗa biyu sai ya kwanta."

"Ki ce masa tambaya ɗaya ce."

"Vilem, ka san halinsa. Ba ya son baƙi."

Pell ya ce in tambaye ta ko ta taɓa ganin wani a wajen kogon. Ta ce ba ta gani ba. Ya ce ko ta san ana shirin rataye ni. Na fassara. Ta kalli bayan kaina, can wajen da leburori ke tara ƙasa, ta ce, "Allah ya kyauta."

Da muka fito Pell bai bi hanya ba. Ya shiga cikin sabuwar huɗa, ya bi ta har ƙarshe inda garma ke juyawa. Ya kwanta rubda ciki kamar mai shan ruwa a rafi. Sannan ya zaga garke ya ɗaga ƙafar alfadarin ta baya ya duba ƙarfen kofaton.

"Ara mini shebur," ya ce. "Kuma ka gaya wa Dunning ya tara duk gidajen rafin nan ranar Asabar. Maza da mata."

"Ka ga wani abu ne?"

"Je ka shuka masararka."

Na je na shuka. Ranar Juma'a na gama layi goma sha ɗaya, ina tunanin ko wa zai girbe.

*

Rumfar kayan tasha ta cika ranar Asabar tun kafin azahar, har da waɗanda ba a kira ba. Aka zauna a kan buhunan alkama masu jiran jirgi. Ni aka sa ni a kan akwati a tsakiya. Johana ta zauna cikin mata. Ludmila ta zo a makare da baƙar riga da ƙananan takalmanta na coci, ta tsaya bakin ƙofa.

"Ina Tomek?" in ji Dunning.

Na tambaye ta. "Yana kwance," na fassara.

Wani daga baya ya ce, "A bar marar lafiya ya huta. Ga mai laifi nan zaune, me ake jira?"

Pell ya shigo da faifan katako, a kai ga busasshiyar laka da ya yanko da shebur, da sawun takalmi ɗaya a jiki. Ya ajiye a ƙasa. Ya zuba jiƙaƙƙiyar ƙasa a gefe, ya kira Rourke.

"Kai ne mai ƙatuwar ƙafa. Taka nan."

"In na taka za a ba ni lada?"

"Za a ba ka ruwa ka wanke, karo na farko a bana."

Aka yi 'yar dariya. Rourke ya taka. Pell ya nuna da tsinke.

"Ku duba nasa. In mutum ya ɗaga ƙafa, da yatsu yake tura ƙasa, shi ya sa bakin takalmi ke nutsewa. Yanzu ku duba wannan, daga huɗar Tomek na yanko shi. Tsakiya ya nutse, bakin bai taɓa ƙasa ba. Babu yatsu a wurin. Dunduniya kuma jan ta ake yi, don takalmin yana zamewa. Na auna takun, bai kai na yarinya mai tsayi ba. A ƙarshen huɗa, namiji ɗaga garma yake ya juya ta. Wannan jan ta ake yi a ƙasa, ana hutawa sau biyu." Ya jefar da tsinken. "Takalmin na Hynek Tomek ne. Ƙafar ciki ba tasa ba ce."

Pell ya ci gaba, idonsa a ƙasa.

"Tambaya ɗaya zan yi muku. Tun hunturu, wa ya ga Tomek da matarsa tare, a lokaci ɗaya? Wa ya ji muryarsa?"

Aka shiga kallon juna. Wata ta ce ta gan shi yana huɗa. Wani ya ce sun gaisa daga nesa. Ni da na fi kowa ganinsa, na nemi fuskarsa a raina, sai hula kawai nake gani.

"Raunin kan nan kuma," in ji Pell, "ba gatari ba ne. Lanƙwasar ƙarfen kofato ce, daidai da na alfadarinsu." Sai a lokacin ya ɗago ya dubi mutum a fuska, Ludmila ya duba. "Kolar, gaya mata abin da na ce."

Na gaya mata. Muryata ta fita lafiya lau, kamar ina karanta farashin alkama.

Ludmila ba ta yi musu ba. Ta zauna a kan wani buhu, ta ɗora hannuwanta a cinya. Sai yanzu na ga tafin hannun, duk kanta da tsaguwa. Ta yi magana da ni ne, ba da su ba, ni kuma ina juyawa ina ba su.

"Cikin Janairu ne. Ya shiga garke da safe, alfadarin ya harbe shi. Kafin in jawo shi ɗaki ya cika. Ƙasa ta daskare, shebur ba ya shiga. Sai na tuna da kogonka, Vilem. Na ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa na ja shi bisa ƙanƙara. Na wanke shi. Na yi masa addu'ar da na iya."

"Don me ba ki kira kowa ba?" in ji Dunning.

"Saboda fili. Da sunansa aka rubuta. Saura wata takwas a lokacin."

"To sai me?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta don me ruwa ke jiƙa mutum. "Can gida, da babana ya mutu, ba a yi wata ba mai ƙasa ya aiko aka fitar da mu. Babu namiji, babu gona. Uwata a garken wani ta mutu. Ni 'ya'ya mata biyu gare ni. Na ce in dai ana ganin Hynek a gona har Satumba, takarda za ta fito. Abin da zai biyo baya ban yi tunaninsa ba."

Dunning ya cire hularsa ya sosa kai. "Haba, baiwar Allah. Nan ba haka ba ne. In mai fili ya mutu, matarsa ce ke ƙarasa shekarun, takarda ta fito da sunanta. Tun ranar da ya faɗi filin nan naki ne. Kolar, gaya mata."

Wannan ne kaɗai na kasa fassarawa nan take. Pell ya ce, "Gaya mata mana." Na gaya mata.

"Sake faɗa," ta ce.

Na sake.

"Ko ban sa hularsa ba?"

"Ko ba ki sa ba."

"Da zan iya kiran Fada? A binne shi a bayan coci?"

"Da za ki iya."

"Kai ka san da wannan?"

"Na sani, maƙwabciya. Duk wanda ke jin Turanci ya sani."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba. Na so a ce ta yi, ko ni ma in samu in ji wani abu.

*

Mutane suka fara zamewa biyu-biyu, ba mai kallona. Wanda ya nuna mini igiya ya dafa kafaɗata ya ce dama shi bai taɓa yarda ba. Johana ta zo ta tsaya kusa da ni, ta riƙe bakin hannun rigata, ta ce, "To ashe Alois yana raye." Wataƙila yana raye. Har yau bai rubuto ba. Pell ya zubar da lakarsa a waje ya tafi neman wata saniya da ta ɓata.

Dunning ya ce ba ya ganin alƙali zai tsananta wa Ludmila, tunda alfadari ne ya yi kisan. Ya bar mu, ni da ita, da ƙarar jirgin azahar yana shigowa.

Abu ɗaya ya rage mini, kuma ban tambaya don faɗa ba. So nake in sani kawai.

"Ludmila, kwana huɗu kina ji ana maganar igiya. Na tsaya a ƙofarki na gaya miki da bakina. Da za ki bari su rataye ni?"

Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Na yi ta roƙon Allah kada su yi sauri," ta ce. "Saura wata huɗu ne kawai, Vilem."